Zaren Buhu a Kafaɗar Yaya

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki zauna a bakin gadon nan, ki ɗan ture kwandon ɗinkin gefe. Kada ki damu in kin ga ina tashi ina zama. Yau kwana uku ke nan zama ya gagare ni. Na ɗora jabana, tukunyar gahawa, na manta da ita a kan garwashi har gahawar ta ƙafe, na share tsakar gida sau biyu kafin azahar, na je bakin ƙofa na dubi gabas na dawo ban san abin da na je nema ba. Hadari ke taruwa ta wajen Habasha, duk Gadarif murna ake yi, ban da ni.

Autata ce. Ta ce bana za ta hau tarakta. An ba ta wuri a wata gona can wajen Fashaga, gobe Juma'a in an sauko daga masallaci za a zo ɗaukarta. Ba izini ta zo nema wurina ba, wannan ta riga ta samu wurin ubanta. Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Yumma," wato uwa, "ki ba ni rigar Inna Babba." Rigar yayata ke nan, Allah ya ji ƙanta, wadda take tuƙi da ita. Ga ta nan cikin kwandon da kika ture.

Na fito mata da ita daga akwati, ta juya ta, ta ɗan ja kafaɗar, ɗinkin ya buɗe. Ta yi dariya ta ce, "Yumma, ke da ake kawo miki kayan amare daga wata unguwa, wannan wane irin ɗinki ne? Ba komai, ki ba ni haka, in na je can na kama shi da zaren buhu." Daga jin wannan kalma na karɓe rigar na ce ta bari sai Juma'a. Yarinyar nan ba a ce mata bari ta bari sai an gaya mata dalili. Dalilin kuwa ban taɓa gaya wa kowa ba. Mutum biyu suka san shi, duka suna ƙasa. Bari in fara gwada faɗa a kanki, in ji ko bakina zai iya.

Mu biyu ne wurin Baba, duka mata, uwarmu ta rasu ina ƙarama. Baba direban tarakta ne. Mu nan babur muke ce mata, amma zan riƙa cewa tarakta kada ki zaci mai ƙafa biyu. Shekara da shekaru yana yi wa wani tajiri aiki a gonarsa ta dawa da riɗi a kan hanyar Basunda, irin gonar da in kin tsaya a wannan baki ba ki hango wancan. Da rani a ƙofar gidanmu ake ajiye taraktar. Baba ya kwance ta gunduwa-gunduwa, ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙarafa. Ni warin gas ciwon kai yake sa ni, sai in shige ɗaki da allurata da tsummokina. Yaya kuwa nan take wuni. Ita ke wanke ƙarafan cikin tasa, ita ke miƙa sifana, kafin ya faɗi wadda yake so ta riga ta sa masa a hannu. Baba yakan ce, "Da yarinyar nan namiji ce da na huta." Ita kuma ta ce, "To huta mana, Baba, wa ya hana ka?"

Kazar gida Yaya take kirana, kuma ba ta yi ƙarya ba. Har yau kasuwar hatsi da ake zuwa gani daga garuruwa, sau nawa na shige ta ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Abu ɗaya na fi ta, kunne. Ina cikin ɗaki in tarakta ta shigo unguwa na san ta wace gona ce, na san wanda ke kanta. Baba in zai sauya giya sai ya ɗan saki mai, injin ya yi kamar tsoho na gyaran murya, sannan ya shiga. Yaya, da ya fara barin ta tana zagaya fili bayan gida, babu gyaran murya. Giyar sulalewa take yi, sai dai ki ji muryar injin ta sauya.

Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gida. A shekarar ne wata farar yana ta fara rufe idon Baba. Ya ɓoye. Amma ni na ji yadda yake lalubar buta da ƙafa, Yaya kuma ta ga yadda yake shafa goro da yatsa kafin ya ɗaura sifana.

Ki gane yadda aikin yake. Ƙasar nan tamu baƙa ce, da rani ta tsattsage, da damina ta zama danƙo. In ruwa ya sauka sai a jira samanta ya sha iska, sannan a shiga da sauri kafin wani ruwan. Taraktar tana jan diski, shi ke juya ƙasa yana zuba iri lokaci ɗaya. Direba yakan zaɓi wata bishiya can ƙarshen gona ya kafa mata ido ya miƙe. In layi ya karkace sai a bar fili ba iri, ciyawa ta gaje shi. Mutumin da ba ya hango bishiyar ba shi da aiki, kuma ga direbobi nan zaune a kasuwa suna jiran a kira su.

Da damina ta zo Yaya ta ce za ta bi Baba kambo, can bukkokin ma'aikata a gona, ta riƙa yi masa girki. Kowa ya ce Allah ya yi mata albarka. Girki kam ta yi, amma da asuba. In gari ya waye ita ke kan kujera, Baba na gefe a kan murfin taya da rawaninsa, wanda ya hango daga nesa ya ce shi ne. Wakilin tajiri, wani dogo mai son ba'a, ya zo zagaye ya ga layuka kamar an ja da igiya. Ya ce, "Usta, bana idonka ya koma saurayi." Usta shi ne yadda ake kiran gwanin direba. Baba ya ce alhamdu lillahi.

A mako na uku wakilin ya zo ba a zata ba. Ya tarar da Baba ƙarƙashin bishiya yana shan shayi, tarakta kuwa can tsakiyar gona tana ta aiki. Yaya ce ta ba ni wannan, tana kwaikwayon muryarsa. Ya dubi Baba, ya dubi tarakta, ya ce, "Usta, aljani ka ɗauka aiki?"

Baba ya ce, "'Yata ce."

Ya ce, "Ai gara aljanin, shi ba shi da dangi masu surutu."

Ya bi layin da ƙafa har ƙarshe ya dawo, takalmansa sun ɗauki laka. Ya zauna ya sha shayin Baba. Sannan ya ce abu biyu: tajiri kada ya ji sai an yi girbi, ita kuma kada ya taɓa ganinta ba tob.

Tob, in ba ki saba da shi ba, dogon mayafi ne, ya fi tsawon mace sau biyu. A naɗe jiki da shi, a ɗora a ka, a jefa bakin a kafaɗa. Babu abin da ke riƙe shi sai hannun mai shi. Ki lura da mace a hanya, duk taku goma sai ta gyara. To mai tuƙi hannu biyu gare ta, ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, ga iska, ga girgiza. Kafin ta kai rabin layi ya zame. Sai ta gaji ta riƙa sauke shi tana ɗaure ƙugu, kai daga ita sai ɗan kallabi.

Masu cirar ciyawa suka wuce suka gani. Maganar ta riga ta isowa Gadarif.

Ni lokacin ban fi wata biyar a ɗakin mijina ba, gidan surukata, ƙofa huɗu daga gidan Baba. Muna tankaɗe ta ce, "An ce yayarki ta zama direba. Gemun fa, yaushe zai fito?" Na yi murmushi na sunkuya. A gidan suna na shiga mata suka yi tsit, sai suka koma magana ƙasa-ƙasa, suna zaton ba na ji. Ni kuwa kunnen nan bai bar mini ko ɗaya ba. Wai kai a waje tsakanin maza. Wai jinin gidan ne haka, a sa ido kan ƙanwar. Na dawo gida abinci ya ƙi shiga. Ba don Yaya na damu ba, in gaya miki gaskiya. Don kaina na damu, da yadda surukata ke kallona in na ɗauki tob zan fita, kamar tana jira ta ga ko ni ma zan ɗaure ƙugu da shi.

Bayan an gama shukar riɗi, kafin a shiga dawa, suka zo gari ɗaukar gas. Na je gidan Baba da kwandona. Na ce, "Yaya, tashi tsaye, kawo tob ɗin."

Ta ce, "Kazar gida ta fito, yau za a yi ruwa."

Na naɗa mata shi yadda ake naɗawa, na kama a kafaɗar hagu da ƙarƙashin haɓa, na fara ɗinki. Ta motsa hannu kamar tana juya sitiyari, zaren ya tsinke. Na ninka, ya sake tsinkewa. Sai idona ya faɗa kan ƙullin zaren buhu da Baba ya rataye a rumfa, wanda ake ɗinke bakin buhun dawa da shi, da basilla soke a jiki. Na ɗauko. Na bi kafaɗar sau uku, na bi wuyan sau biyu, na ƙulle. Yanzu sai dai ta zura kai ta fitar kamar riga. Bakin kuwa na bar shi yana reto a baya har gwiwa, don wanda ya hango daga nesa ya ga mace cikin tob sosai.

Ta ce, "Kin ɗinke ni kamar buhu, saura ki kai ni kasuwa a auna." Ta waiga ta kama bakin. "Wannan jelar fa?"

Na ce, "Jelar ai ita ce tob ɗin. In babu ita me za a gani?"

Ta dube ni ta ɗan jima. Ina jin a fuskata ta karanta duk abin da aka faɗa a gidan suna. Ta ce, "To, don ke."

Baba yana zaune a rumfar nan ana yin komai. Mutumin da bai taɓa hawa tarakta ba sai ya cusa bakin rawaninsa ciki, wanda ko hannun riga mai faɗi ba ya yarda da shi kusa da inji. Da yana gani da ya sa wuƙa ya yanke jelar nan take. Ba ya gani. Ya ji muna dariya shi ma ya yi.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, ina wanke hatsi, na ji taraktarmu tun daga wajen kwari. Da damina ana tsakiyar shuka tarakta ba ta dawowa gari. Na tsaya da hannu cikin ruwa. Da ta zo hawan nan na bakin unguwa aka sauya giya, ƙarfe ya ci ƙarfe, garrr. Ba hannun Yaya ba ne, ba na Baba ba. Ban san lokacin da na fita ba. Sai a tsakiyar hanya na ji iska a wuyana, ashe ba tob a jikina, ko kallabin kirki babu. Na wuce surukata a ƙofa tana kallona, ban tsaya ba.

Wakilin ne ke tuƙi. Yaya na kwance cikin tirela a kan buhunan iri, kanta a cinyar Baba. Idonta biyu, leɓenta ya yi fari, wuyanta ya saɓule kamar an ja igiya a kai, kafaɗar hagu ta sauka inda kafaɗa ba ta zama.

Ga abin da ya faru. Ta kai ƙarshen layi tana juyawa, iska ta ɗauki jelar ta ɗora kan babbar taya. Haƙoran tayar suka kama ta suka naɗa. Da tob ne irin na kowa, da ya zame daga kanta ya bi taya, ta tsira da jikinta, kai a waje. Nawa bai zame ba. Ya fizgo ta ta wuya da kafaɗa ya manna ta da murfin taya. Allah ya sa ƙafarta ta sami kuloci ta danne, ta miƙa ɗaya hannun ta kashe inji. Baba na ƙarƙashin bishiya ya ji injin ya mutu a inda bai kamata ba, ya taho yana faɗuwa cikin laka yana kiranta, ya lalubo ta, ya yanke ƙyallen da wuƙarsa.

Da aka shigar da ita ɗaki aka tafi kiran mai ɗori, Baba ya kira ni rumfa. Ya zaro guntun ƙyallen daga aljihu ya sa mini a hannu. Yadin ya yayyage ko'ina, ɗinkina kuwa ko ɗaya bai motsa ba. Ya bi shi da babban yatsa ya ce, "Wa ya ɗinka?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Zaren buhu." Bai ƙara ba, ranar ko bayanta.

Mata suka yi ta zuwa dubiya. Ina bakin murhu ina jin su. Mace da ƙarfe ai ba a haɗa su. Ishara ce, Allah ya sa ta gane. Wata ta ce sakaci ne, ba ta iya ko riƙe mayafinta ba. Surukata ta ce gara da abin ya tsaya a kafaɗa. Babu wadda ta ambace ni, ni kuma na ci gaba da hura wuta. Tajiri ya ji labari, aka ɗauki wani direba, taraktar ta bar ƙofar gidanmu. Baba ya koma zaman rumfa.

Na fi mako biyu ban shiga ɗakin da take ba. In yi kunu in ajiye a bakin ƙofa in juya. In na zauna a gidan mijina in ji kamar ana kirana can, in na je can in kasa ɗaga labule. Haka na yi ta sintiri tsakanin ƙofa huɗun nan, kamar yadda kika ga ina yi yau. Rannan na ajiye kwano sai na ji ta daga ciki. "Kazar gida, na san takunki. Shigo."

Tana jingine da bango, an ɗaure kafaɗar da karare. Ta ce, "Ɗinkinki yana da kyau. Tarakta guda ta ja bai tsinke ba. Ki riƙa gaya wa masu kawo miki aiki."

Na fashe da kuka.

Ta ce, "Share fuskarki, ba kuka na kira ki ki yi mini ba, na sha na matan unguwa ya ishe ni. Ni na ga jelar na hau da ita, ba ɗaure ni kika yi ba. Aiki zan ba ki. Ɗauko jallabiyar Baba mai ruwan ƙasa."

Ita ta faɗa, ni na yanka. Riga zuwa gwiwa, hannu matsattse, wando a ƙasa, hula haɗe da wuyan rigar da za ta rufe gashi da wuya. Babu abin da ke reto ko na tsawon yatsa. Sannan ta ce, "Zaren kuma, ki nemo mafi rauni a kwandonki. Kafaɗa, wuya, hannu, duk da shi. Ina so in an ja ta rabu da ni."

Na ce, "Yaya, wannan ai abin kunya ne. A ce ni na yi ɗinkin da yake buɗewa?"

Ta ce, "Kunya mun gwada ta, ga inda ta kawo mu."

Kin san ɗinki marar ƙarfi ya fi mai ƙarfi wuya? Hannuna ya saba. Ina kallo sai in ga na koma baya na ƙara bi, na ƙulle. Na kawo mata, ta sa na rataye rigar a ƙusa, ta ja da hannunta mai lafiya. Ba ta buɗe ba. Ta ce warware. Na sake, ta ja, ta ce warware. Sau uku. A na huɗu na tsaga zaren biyu na yi da rabi, na yi taku mai faɗi, ban ƙulle ba sai ɗan lanƙwasawa. Ta ja, hannun rigar ya biyo ta. Ta yi dariya har ɗorin ya yi mata zafi. Baba daga rumfa ya ce me ake yi, ta ce, "'Yarka ce ta koyi ɗinki."

Da damina ta zagayo ta sa rigar, da wata 'yar riga mai dogon hannu a ciki, ta yafa tob a kai ta tafi inda wakilin ke loda gangunan gas. Ban je ba, kin san ni. Ita ta ba ni labari, daga baya matar wakilin ta sake ba ni, bakinsu ɗaya. Ta tsaya gaban maza ta sauke tob ɗin ta ninke. Ta miƙa masa hannun hagu iya inda yake ɗaguwa ta ce, "Ja."

Ya ce, "Ni ina da iyali, baiwar Allah."

Ta ce, "Rigar za ka ja, ba ni ba."

Ya kama bakin hannun da yatsa biyu ya ja, hannun riga ya zo masa gaba ɗaya. Ya tsaya riƙe da shi yana dubawa. Ta ce, "In kai ka iya, taya ma za ta iya." Ya ce tajiri ba zai yarda ba. Ta ce, "Tajiri ya taɓa taka gonar nan da damina? Buhu yake gani da kaka. Na bara da wanda kuka ɗauka ya shuka, ya gamsu?" Wakilin kuwa shi ya san filayen da aka bari ba iri. Ya shafa gemu, ya miƙa mata hannun rigarta ya ce, "A kai wa tela ya mayar. Jibi da safe, Usta."

Ina gida ban san yadda aka ƙare ba. Sai da yamma na ji tarakta ta doso hawan bakin unguwa, muryar injin ta sauya ba tare da gyaran murya ba. Na ajiye abin da ke hannuna na zauna a ƙasa.

Ta yi tuƙi har furfura ta cika kanta. Hannun hagu bai sake wuce kafaɗa ba, ni nake yi mata kitso, ni nake ɗaura mata kallabi ranar salla, kullum sai yatsuna sun bi ta kan tabon wuyan. In za ta tafi takan sa tob a kan rigar har ta fita gari, sannan ta ninke ta zauna a kai. Duk shekara kafin ruwan farko ta kawo mini rigar in warware in sake. Sau biyu ta dawo da ita ba hannu ɗaya, ban tambaye ta ba. Daga baya wata bazawara daga Basunda ta zo ta ce in yi mata irin ta Usta, bayanta wasu biyu 'yan gida ɗaya. Na yi musu, na ce kada su kuskura su ƙara wa ɗinkin ƙarfi, suka ce to, don su masu jin magana ne. Har surukata, shekarar da ciwo ya kama ta cikin ruwa, hanya ta yanke ba motar da ke shiga unguwa, a tirelar Yaya aka kai ta asibiti. Ina riƙe da kanta na ji ta ce, "A hankali, Usta." Yaya ba ta waigo ba, amma ta rage gudu.

Autata a gindinta ta tashi. Ni ina kiranta ta zo ta koyi kalmasa, ita tana can hannu cikin tasar gas. Abin da ta sani game da kafaɗar Inna Babba shi ne abin da unguwa ta sani, wai mayafi ne ya kubce wa mai shi. Ta sha ce mini, "Yumma, ke ce kaɗai kika tsaya mata lokacin da kowa ya juya baya." Ni kuwa in ci gaba da ɗinki. Bara, bayan rasuwar Yaya da 'yan watanni, ina cikin ɗakin nan na ji tarakta a hawan bakin unguwa, giyar ta sulale. Na miƙe tsaye allura ta soke ni. Na fita, yarinyar ce a kai, wani maƙwabci ya ba ta ta gwada.

Na yi tunanin in ɓoye rigar in ce gara ta ci. Sai ta tafi da abayarta mai hannu kamar fuka-fuki, don tafiya kam za ta yi. Na yi tunanin in ce mata kawai kada ta ƙara zare, ba dalili. Za ta ce to, Yumma, ta sumbaci kaina, ran da ɗinkin ya buɗe a kambo gaban mutane ta miƙa hannu ta ɗauko abin da ke rataye a kowace rumfa. Na san ta, hannunta na Yaya ne amma kunyar tawa ce ta ɗauko. Ba za ta bar zaren nan ba sai ta riƙe guntun ƙyallen da hannunta. Yana nan, ban yar ba, ƙasan kwandon ne, ɗaga ki gani. Taɓa ɗinkin. Har yau ba ya motsi.

Rigar na gama ta jiya, na rage tsawon, na sake bin ta da rabin zare. Kafaɗar hagu sau biyu ina warwarewa, hannuna ya koma halinsa.

Tsaya. Kin ji ƙofar zaure? Takunta ne, ta dawo daga sayen takalmin roba, tana jan ƙafar dama kamar ubanta. Za ta tsaya ta sha ruwa a randa, sannan ta shigo. Kada ki tashi, zauna inda kike. Miƙo mini guntun. Ke da kika ji duka, ta ina zan fara mata, ta gidan suna da abin da kunnena ya jiyo, ko in sa mata ƙyallen a hannu kawai yadda Baba ya sa mini, in jira ta tambayi wanda ya ɗinka?